Ƙofa mai batir ba ta koya wa tsako hanyar akurki

Maƙwabciyata a nan bakin garin Kolmar, gabashin Faransa, dattijuwa ce mai zaman kaɗaici, kuma bana sha'awar kiwon kaji ta kama ta. Sai kun ga akurkin da ta saya. Na katako ne mai koren fenti, an ɗaga shi a kan ƙafafu huɗu, da ɗan tsani, da taga, da wani akwati a gefe inda ake ɗaga murfi a kwashi ƙwai ba tare da an sunkuya ba. Ƙofarsa da batir take aiki, tana da ɗan ido mai gane haske, gari na wayewa ta buɗe, duhu na yi ta sauko ta rufe kanta. Kuɗin da ta faɗa mini, da na juya shi zuwa sefa sai da na yi salati.

To ƙofa dai tana rufewa a kan lokaci. Kajin ne ba sa ciki. 'Yan tsaki ne masu tasowa, gashi bai daɗe da rufe su ba, kullum sai su dunƙule a ƙarƙashin shingen furanni. Ga shi a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen tara da rabi na dare, sai ka ga baiwar Allah da tocila tana rarrafe a ciyawa lokacin da tsararrakinta suka yi nisa da barci. Da yanyawa ta ɗauke mata ɗaya, ta leƙo ta kan shinge tana ba ni labari, na fara gaya mata yadda muke yi. Ɗanta da ya zo ziyara ya yi dariya ya ce ai shi a saninsa kajin Afirka a titi suke kwana.

Ban tanka masa ba, amma maganar ta tsaya mini a wuya. A garinmu Garwa, can Kamaru, wace kaza ce ke kwana a titi? Muzuru zai bar ta? Kazarmu takan yini a waje, ta kai bola, ta leƙa gidan maƙwabta, amma kafin ladan ya kira magariba tana bakin akurki da zugar 'ya'yanta. Babu wanda ya taɓa zama ya koya musu.

Ko in ce akwai: uwarsu. Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne Turawan nan suka kasa ganewa duk da littattafansu. Tsakon da kaza ta kwanta a kan ƙwansa kwana 21 ta ƙyanƙyashe, a ƙarƙashin fiffikenta yake kwana, kullum yamma yana bin ta wuri guda, har ya tashi ya san inda ake kwana. Na maƙwabciyata inji ne ya ƙyanƙyashe su, fitila ce ta ɗumama su, aka zuba su a kwali aka kawo wani gida. Da yamma ta yi, cikin akurki ya riga waje duhu, kaza kuwa ba ta gani sosai da dare. Ramin da ba ta sani ba, kuma baƙi ƙirin, me zai kai ta? Sai ta nemi gindin shinge.

Abin da na sa ta yi, duk yaron da aka taɓa aika ya rufe akurki ya san shi. Baƙuwar kaza ba a sakinta ranar da ta zo, a kulle su ciki da ruwa da abinci kamar mako guda. Bayan an sake su a daina ƙosar da su da rana, a ajiye tsaba sai la'asar sakaliya, a watsa a bakin ƙofa har ciki, da kira iri ɗaya kullum. Wanda ya ƙi shiga a ɗauke shi bayan duhu, lokacin ba ya gudu, a ɗora shi a kan sanda. Ɗan haske a ciki na taimakawa. Kuma a duba tsagin katako. Akwai wasu jajayen ƙwari ƙanana da ke ɓuya a ciki da rana, su fito da dare su sha jinin kaza, kuma kazar da ta saba shiga in ta fara ƙin akurki, yawanci su ne. Na ce ta zuba toka inda kajin suke birgima. Ta je kanti ta sayo wata farar hoda a gwangwani. Ba laifi, kuɗinta ne.

Kada a ce ban yi adalci ba. Kajinsu ba sa zubewa lokacin hunturu kamar namu, da za a wayi gari rabin unguwa na yankan marasa lafiya kafin su mutu. Ga LANAVET, cibiyar haɗa rigakafin dabbobi ta ƙasa, a Bokle, gefen Garwa, tana haɗa rigakafin wannan annoba, amma gida nawa ke yi? In murar tsuntsaye ta ɓulla a nan, hukuma kan ba da umarni a killace kaji, kuma ana bi. Wannan kam sun fi mu. Amma tun 2015 hukumar yankin Kolmar ke raba wa magidanta kaji bibbiyu don su cinye ragowar abinci a rage shara, jaridu na ta yabo kamar an gano wata sabuwar hikima. Kanzon tukunyar Inna ina yake zuwa tun kafin a haife ni?

Abin da ɗan matar nan bai sani ba, akurkinmu ba shi da ƙofa mai ido saboda gidan cike yake da idanu. Inna na alwala tana ƙirga kaji, ta ce wake-waken nan ba ta shigo ba, yaro ya zura da gudu. Maƙwabciya ta leƙo ta ce ga tsakonku ya biyo nawa. Ita wannan dattijuwa, da za ta faɗi a ciyawar nan da tocilarta, ban san wa zai sani ba kafin safiya, in ba ni ba.

Shi ya sa raina ya ɓaci da na kira gida makon jiya, yayana ke gaya mini zai rushe akurkin Inna ya ja ɗaki a wurin don 'yan haya, ya kuma shafe tsakar gida da siminti. Wai kaji ƙazanta ne, in ana son nama ga na gidan gona a kasuwa. Na ce, Yaya, don girman Allah a bar wurin nan yadda yake. Ya ce kai da kake Turai ne za ka koya mini zaman Garwa? Na ce ban isa ba, amma kuɗin simintin daga wajena za su fito, kuma ba zan tura ba sai na ji daga bakin Inna cewa ta yarda.