Likitan kwantum na Agege

Tun jiya raina a ɓace yake. Takardar wani gwajin lafiya ce ta jawo. Goggona ta riƙe wani guntun ƙarfe na minti ɗaya a wani shago a Agege, kwamfuta ta tofo shafi goma: wai ƙoda ta gaji, hanta ta kumbura, "kuzarin kwantum" ya yi ƙasa (kwantum dai reshen fiziks ne da ke bayanin ƙananan abubuwa irin ƙwayar zarra). Magani naira 40,000. Sannu da aiki, likita!

Masu turo min saƙo wai ai kimiyya ta tabbatar kwantum na aiki a jikin mai rai, ku huta, na riga ku sani. Tun 1943 Schrödinger, ɗaya daga cikin iyayen ilimin kwantum, ya tsaya a Dublin yana tambayar mene ne rai da idon masanin fiziks. Tsuntsun robin na Turai ma ana kyautata zaton wani furotin a idonsa, cryptochrome, ke sa ya ji maganaɗisun duniya ya gane hanya in zai yi ƙaura. Shi kuwa gwajin 2007 na jami'ar Berkeley ta Amurka da kuke ta yaɗawa, kan yadda halitta ke kama hasken rana, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili aka yi shi, kuma daga baya masana da dama sun ja da fassarar. Goggo a zafin Legas take zaune.

Ko da duk sun tabbata, bayanin ƙwayar zarra daban, bayanin rai daban. Ɗauki danfo, motar hayar Legas: ƙarfe ne da roba da fetur. Kwantum zai gaya maka yadda fetur ke ƙonewa, amma tambaye shi me ya sa direba ya sauke ku a Oshodi ya ce ya fasa Obalende. Shiru! Sanin tubali ba ya gaya maka wa ke kwana a ɗakin. Balle ruhi, da wasu ke liƙa wa kwantum don a ce sun waye.

Abin da ya fi ci min rai, Goggo tsorata ta yi da gaske. Ba ta runtsa ba, tana ta wasiyya kan kaji da bashin adashe. Na ce, "Goggo, gobe mu je asibiti a ɗebi jini." Ta ce injin Bature ba ya ƙarya.