Rahoton hoton sankarar tumbi: tsari ɗaya ba ragwanci ba ne

Wasu na ganin cewa idan aka ce likitocin hoto, wato masu duba hoton cikin jiki, su riƙa rubuta rahoton sankarar tumbi bisa tsari ɗaya, an mayar da su masu cike fom ke nan, tunani ya tafi hutu. Sam ba haka abin yake ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Likitan tiyata yana buƙatar amsoshi takamaimai kafin ya taɓa wuƙa: a wane sashe na tumbin ƙarin yake, ya ratsa bangonsa har zuwa ina, kaluluwan da ke kewaye sun kumbura, cutar ta kai hanta ko tantanin da ya lulluɓe kayan ciki? Waɗannan su ne ginshiƙan ma'aunin TNM, wanda likitoci ke auna matakin da sankara ta kai da shi. Rahoton da ya tsaya a "an ga kauri a bangon tumbi" bai amsa ko ɗaya ba. Kuma idan bai ambaci hanta ba, mai karatu ba zai san ko lafiyarta ƙalau ko mantawa aka yi ba.

Ko santimita tana da nauyi. Ƙarin da ya taɓa mahaɗar tumbi da bututun abinci, in tsakiyarsa ba ta wuce santimita 2 cikin tumbin ba, da ma'aunin sankarar bututun ake auna shi.

Tsarin yana kuma tilasta faɗin iyakar hoton. Sikanin CT, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, kan kasa ganin ƙananan tsiro a tantanin ciki, shi ya sa wani lokaci sai an leƙa da kyamara ta ƙaramar ɓula kafin a yanke shawarar tiyata.