Dukan kare bayan ya dawo ba ya hana shi bin barewa

Mafarauta da yawa a Amurka masu karnukan farautar tsuntsaye, irin su Pointer da Setter, suna ɗauka cewa idan kare ya bi barewa ya dawo, duka ne zai gyara shi. Kuskure ne babba. Kare yana haɗa hukunci da abin da ya yi a daƙiƙa ɗaya ko biyu da suka wuce. A wurinsa laifin dawowa ne. Gobe sai ya ƙi zuwa idan an kira, ya yi nisa har ya ɓata.

Gyara yana farawa da igiya mai tsawon mita 10 zuwa 15. A fara koya masa amsa kira a tsakar gida har ya zauna masa. Sannan a kai shi inda barewa ta wuce ba da daɗewa ba. Da ya sa hanci a sawun ya zabura, a fizgi igiyar tare da tsawa ɗaya, a juya shi wajen tsuntsu, a yaba masa. Kada a sake shi da wuri, domin bi ɗaya yana rushe aikin makonni.

Idan ya ɓata, a bar riga mai warin jikin mai shi da ruwa a inda aka rabu, a dawo da asuba.