Masu kusa da wurin aiki, ku ajiye mota ku taka

Zan faɗi wata magana da na san wasunku za su yi mini dariya a kanta. Duk ɗan uwanmu mazaunin Jidda da tsakanin gidansa da wurin aikinsa bai wuce tafiyar rabin awa a ƙafa ba, ya jingine mota daga yanzu da zafi ya soma sauka har ƙarshen sanyi, ya riƙa takawa, yana ɗaga kai yana duban tsuntsaye. Rage tumbi ma riba ce, wasunmu kuwa suna da bukata, amma ni tsuntsayen ne a gabana.

Ga dalilin da ya sa na ce yanzu. A watan Yuni rana kan fito tun wajen ƙarfe 5:40, kafin ka leƙo waje ƙarfe 7 gari ya ɗau zafi, tsuntsaye sun gama kiwon safe sun shige inuwa. Ba mai hankalin da zai ce ka taka a lokacin, ai hukuma da kanta kan hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. To yanzu yini ya soma gajarta. Magaribar da muke yi bayan ƙarfe 7 a Yuni, zuwa ƙarshen Nuwamba ana kiranta wajen 5:40, a Disamba kuma rana ba ta fitowa sai dab da ƙarfe 7. Yinin da ya haura awa 13 sai ya koma ƙasa da 11. Ƙasar nan ba ta sauya agogo, lokacin aiki yana nan inda yake, rana ce ke matsowa. Sai fitarka ta safe ta zo daidai da fitarsu kiwo, dawowarka ta zo daidai da komawarsu wurin kwana. Kana cikin mota da gilashi a rufe, duk wannan ya wuce ka.

Akwai wata baƙala, wato shagon kayan masarufi, a hanyata da ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga ta bayanta, ya taru a ɗan rami. Duk bazara kurciya da gwara kaɗai ke sha a wurin. Da Oktoba ya yi nisa sai ga wani ɗan siririn tsuntsu, fari da toka-toka, da baƙin tabo a ƙirji, yana gudu a bakin ruwan, ya tsaya cak, ya kaɗa doguwar wutsiyarsa sama da ƙasa, ya cafke ƙwaro, ya sake zurawa. Ba ɗan gari ba ne. Daga ƙasashen arewa masu ƙanƙara ya taso, zai yi sanyi a nan, ya juya in zafi ya ƙarato. Mai baƙalar bai ma san yana da baƙo a bayan shago ba.

Wannan ƙaramin alhaki ne a kan abin da ke wucewa ta samanmu. Gaɓar Bahar Maliya na cikin manyan hanyoyin ƙaurar tsuntsaye a duniya. Masu binciken tsuntsaye sun ƙiyasta cewa manyan masu shawagi, irin su mikiya da shaho da shirwa da dangin shamuwa, fiye da miliyan 1.5 ne ke bin wannan yanki duk shekara tsakanin Turai da Asiya da Afirka. Su waɗannan ba sa son kaɗa fiffike, iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa suke hawa ta ɗaga su. A kan teku ba a samun irin wannan iska sosai, shi ya sa da yawansu ke bin duwatsun Sarawat su gangara kudu har Babul Mandab, inda ruwan bai fi kilomita 30 ba, sannan su tsallaka. Tsattsewa kuwa, da nauyinta bai wuce giram 20 ba, da ƙarfin fiffikenta take yanke teku. Haka wani ɗan uwan gauraka mai ruwan toka, wanda ayarinsa kan ratsa saman Jidda a Satumba ya nufi Sudan. Kafin ka gan su za ka ji kukansu can sama.

Ni duk sanda na ga ayarin ya miƙe yamma, kakanninmu nake tunawa, waɗanda suka taso daga Kano da Sakkwato da Katsina a ƙafa, suka ratsa Cadi da Sudan shekara da shekaru, suka hau jirgin ruwa a Sawakin suka sauka a wannan gaɓa. Hanya ɗaya ce, su sun yo gabas, tsuntsayen na yin yamma. Jikokin waɗannan mutane ne yau ke tada mota don sayo burodin tamis a bakin layi.

Kwanaki wani dattijon maƙwabcinmu ya tsaya da mota ya same ni ina kallon sama. Ya ce, "Malam, lafiya? Ko mota ce ta lalace?" Na ce, "Lafiya lau Baba, shirwa nake kallo." Ya girgiza kai ya ce, "Allah ya kyauta, wannan ai aikin Turawa ne." Na girmama shi ban ja ba, amma a nan zan ba da amsa. Tun yaushe ya zama na Turawa? Manomin ƙasar Hausa bai jira rediyo ba, in ya ga shamuwa ta sauka kan kuka ya san damina ta ƙarato, ya gyara fartanya. Wa ya yi wa belbela kirari da ci da motsin wani, in ba wanda ya zauna ya lura da ita tana bin shanu ba? Baba kansa, da na zauna da shi, tsuntsayen da zai lissafa mini sun fi waɗanda na sani. Abin da ya faru shi ne mun bar sanin a hannun tsofaffi. Tambayi yaron da aka haifa a unguwar Karantina ko Sabil ya nuna maka alhudahuda: ya san labarinsa da Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, amma ko ya gan shi yana caccakar ciyawa a Kornish, bakin teku, ba zai gane shi ba. Wasu yaran ma bindigar iska ce gaisuwarsu da tsuntsu, alhali farauta a cikin gari haramun ce a dokar ƙasar nan, a waje ma sai da lasisi da lokacinta.

Na san ba kowa zai iya ba. Jidda gari ne da aka gina wa mota, akwai titunan da tsallaka su a ƙafa ganganci ne, kada wani ya ce ni na aike shi. Direbobi da masu aikin dare, ba da ku nake ba. 'Yan uwa mata da magariba za ta riska a hanya, su duba abin da ya fi musu aminci, ko su wadatu da fitar safe. Wanda aikinsa ya yi nisa, ya ɗauki yara ranar Asabar da sassafe ya kai su wajen Bangala, kasuwar kifi, su ga zalɓe da tsuntsayen teku suna jiran rabonsu.

Wanda zai gwada, ya fita da minti goma a kan yadda ya saba, ya cire abin sauraro daga kunne, don yawanci kunne ne ke riga ido. Ba sai da tabarau mai jawo nesa ba. Ya bi layukan da ke da darbejiya. Sai dai a kula da hankakan garin nan, ba irin namu masu farin ƙirji ba ne, 'yan Indiya ne da jiragen ruwa suka kawo, ga fitina ga rashin kunya. In ka ga bishiyar da suke taruwa da yamma, kuma farar riga ce a jikinka, tsallaka ɗaya gefen titi.