Tabon da ke Ƙarƙashin Hannun Riga

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman ku da kuke makarantun kwana da jami'a, da ku yayye masu ƙanne a gida. Akwai maganar da na daɗe ina juyawa a raina, ta matasan da ke yi wa jikinsu rauni da gangan. Yau zan fitar da ita, bayan na nemi izinin wadda abin ya shafa.

Shekara biyu ke nan, muna bikin wata 'yar'uwarmu a nan cikin garin Bauchi. Watan Afrilu ne, zafin nan da ko fanka ka kunna iskar wuta take huro maka. Ranar ƙunshi 'yanmata sun cika tsakar gida, kowace ta naɗe hannun riga tana jiran layi ya zo kanta wurin mai lalle. Ƙanwata, 'yar ƙanwar mahaifiyarmu, tana da shekara 16 a lokacin, ita kaɗai ta raɓe a bakin rijiya da riga mai dogon hannu, ga hijabi a kai, gumi na tsattsafo mata. Aka yi ta tsokanarta, wai ustaziya. Ni da kaina na kamo hannunta ina dariya zan ja ta, sai hannun rigar ya zame. Tabo na gani layi-layi, wasu sun daɗe har sun yi fari, wasu ko mako ba su yi ba. Ta fizge hannunta, ta dube ni, ta ce da ƙaramar murya, "Adda, don girman Allah kar ki faɗa wa Umma."

Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Ke kin haukace ne?" Har yau wannan kalma tana cin raina. Wata uku cur yarinyar nan ba ta ƙara yarda mun haɗa ido ba.

A cikin watannin nan uku na shiga tambaya da karatu, na gano abin da na ɗauka baƙo ne likitocin ƙwaƙwalwa sun san shi sarai: mutum ya riƙa yi wa jikinsa rauni da gangan, alhali ba mutuwa yake nema ba. Galibi yana farawa ne tsakanin shekara 12 zuwa 14. Wani nazari da aka fitar a 2014, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna kusan kashi 17 cikin 100 na yara masu tasowa sun taɓa yi ko da sau ɗaya, wato kusan mutum ɗaya cikin shida. Ba na mata kaɗai ba ne. Saurayin da ke naushin bango har hannunsa ya kumbura, ko yake buga kansa idan ransa ya ɓaci, muna cewa zafin kai gare shi mu wuce, alhali sau da yawa ciwon ɗaya ne.

Mu ba baƙin aska ba ne. Mun san tsagar wanzami, mun san ƙaho, mun ga shaɗi inda saurayi ke tsayawa bulala na sauka yana murmushi. Amma duk waɗannan a bainar jama'a ake yinsu, kowa ya san ma'anarsu. Wannan kuwa a banɗaki ake yinsa, ko da tsakar dare bayan kowa ya yi barci, mai yin kuma ya fi kowa jin kunyarsa.

To me ya sa? Da ƙanwata ta sake da ni daga baya, ga abin da ta ce: "Adda, idan abin ya taso mini, ji nake kamar ƙirjina zai tsage. Idan na yi, sai in samu in ja numfashi." Wannan magana tata ta fi duk abin da na karanta fayyace mini al'amarin. Zuciya ce take cika da abin da ya fi ƙarfinta, baƙin ciki ko tsoro ko fushin da babu inda za a sauke shi. Zafin jiki yana janye hankali daga zafin zuci, mutum ya ji wani sassauci na 'yan mintoci. Bayan nan kunya da nadama su rufto, damuwar ta dawo har da ƙari. Ƙwaƙwalwa kuwa ta riga ta koyi cewa ga wata gajeriyar hanya, don haka gobe in abin ya sake tasowa, can za ta nufa. Haka ake shiga da'irar da fitarta ke da wuya. Wasu kuma ba cikar zuciya ke damunsu ba, mutuwar zuciya ce: sun daina jin daɗi, sun daina jin kuka, sai su nemi jin wani abu ko da zafi ne. Wasu hukunta kansu suke yi, domin an daɗe ana gaya musu ba su da amfani har sun gaskata.

Ruwa ba ya tsami banza. A bayan tabon za ka tarar da wani abu: cin zalin siniyoyi a makaranta, rabuwar iyaye da zama a hannun wanda ba ya ƙaunarka, faɗuwa jarrabawar JAMB sau biyu ana yi maka gori a gida, auren da ba a so, ciwon damuwa da ba a gane ba, ko kuma wanda ya fi muni, wani na jiki da ya lalata yaro ya kuma tsoratar da shi kada ya faɗa.

A nan nake son mu dubi kanmu. An raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ta ciki na ciki. Yarinya ta zo da kuka, a ce "yi haƙuri" kafin ma ta gama faɗin abin da ya same ta. Yaro ya zubar da hawaye, a ce ba namiji ba ne. Haƙuri abu ne mai girma, ban raina shi ba. Amma mun cakuɗa haƙuri da toshe baki. Annabi Yaƙub, wanda ya ce haƙuri mai kyau zai yi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma ya furta damuwarsa ga Ubangijinsa. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Mu kuwa mun hana yaranmu kuka da baki, sannan muna mamaki da jikinsu ya karɓi kukan.

Na ji ana cewa neman suna ne, ko a TikTok suka koyo. Wadda ta jure dogon hannu a zafin Afrilu don kada a gani, wane suna take nema? Ko da ma a ce kulawa yake nema, yaron da bai ga wata hanyar samun kulawa ba sai ta jininsa, ai shi ya fi kowa cancantarta. Na ji kuma ana cewa aljanu ne ko sammu. Addu'a da karatun Alƙur'ani alheri ne, a yi. Amma duka da turara hayaƙi da ɗaure mutum ba magani ba ne. Ba mu manta da 2019 ba, lokacin da aka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, da yawansu kuma iyayensu ne suka kai su da sunan gyaran tarbiyya.

Haramun ne mutum ya cutar da jikinsa, babu musu, amana ce. Sai dai mai yin ya san haka, saninsa ma yana cikin abin da ke ƙara masa ƙuna. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wani mutumin ƙabilar Daus da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru ya yi rashin lafiya a Madina, ya kasa jurewa, ya raunata hannayensa har ya rasu. Da Ɗufailu ya ba Annabi (SAW) labarin mafarkin da ya yi da shi, Annabi bai tsine masa ba, sai ya roƙi Allah Ya gafarta wa hannayen nasa su ma. In wannan ne halin wanda muke koyi da shi, daga ina muka samo tsawa da gori?

Idan Allah Ya sa kai ne ka gani, fuskarka ce maganar farko, ka saita ta. Kada ka yi salati da ƙarfi, kada ka tara mutane. Nemi wuri ku biyu, ka ce, "Na ga hannunka. Ba faɗa zan yi maka ba. Me yake damunka haka?" Sannan ka yi shiru ka saurara, ko da shirun ya yi tsawo. In raunin sabo ne a wanke a ɗaure, in ya yi zurfi ko jini ya ƙi tsayawa, ko ya sha wani abu, asibiti kai tsaye ko da ya ce lafiyarsa lau. Kada ka sa shi rantsuwa da Alƙur'ani cewa ya daina. Zai rantse don ya faranta maka, ya koma, sai ya ƙara da nauyin karya rantsuwa, kuma daga ranar ya fara ɓoye maka. Kada ka riƙa bincike jikinsa kamar ɓarawo. Kada labarin ya je guruf ɗin WhatsApp na dangi da sunan neman addu'a.

Akwai tambaya ɗaya mai nauyi da dole ka yi ta kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Bincike ya nuna yin wannan tambaya ba ya cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji da aka tambaya. Yi wa kai rauni daban ne da yunƙurin kashe kai, amma mai yinsa ya fi sauran mutane shiga wannan haɗari. In ya ce eh, kada a bar shi shi kaɗai, a kulle magungunan feshi da ƙwayoyin da ke gidan, a kai shi asibiti a ranar. Shi ya sa kada ka yi alƙawarin rufe sirrin ɗungurungum. Ka ce masa, "Ba zan yaɗa ba, amma mu zaɓi babba ɗaya tare, wanda ka yarda da shi."

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a nan Bauchi yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, haka Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Zuwa can ba shaidar hauka ba ce. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin mai neman magani. Kuma ana warkewa. Marsha Linehan, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka da ta ƙirƙiro ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi tasiri wajen magance wannan matsala, ta fito a 2011 ta bayyana cewa ita ma ta yi fama da abin tana budurwa, har ta shafe sama da shekara biyu a asibiti.

Kai kuma da kake karanta wannan hannunka a rufe, ko ke, ba ni da niyyar yi muku wa'azi. Abin nan in ya taso yana hawa ne ya sauka, ba ya dawwama a sama. Ka jinkirta minti goma. Ka wanke fuska da ruwa mai sanyi, ka yi alwala, ka fita inda mutane suke, ka rubuta abin da ke ranka a takarda. In ka koma bayan ka daina, ba ka rushe komai ba, ka ƙirga kwanakin da ka ci. Ka faɗa wa mutum ɗaya. In na farkon ya ba ka amsa irin wadda na ba ƙanwata, ka gwada na biyu.

Ni dai na koma na ba ta haƙuri. Goggonmu muka zaɓa, ita ta san yadda ta shigar da maganar wurin Umma, ita ce kuma take raka ta ganin likita. Ƙanwar tawa ta koma yi wa kanta rauni sau biyu a shekarar farko, duka biyun ita ta kira ni da kanta. Da ƙaramar Sallar da ta wuce ta zauna gaban mai lalle, ta naɗe hannun rigarta kaɗan, ta ce a tsaya mata iya wuyan hannu. Na zauna kusa da ita ina yi mata fifita har ya bushe.