Makin waƙa a lakwal: me mushe yake aunawa?

Ɗiyar ƙanwata tana CE2, wato aji huɗu na firamare, a wata makarantar gwamnati nan cikin Maraɗi. Idan ƴan matan layinsu suka fito gaɗa bayan isha'i, ita ke ba da waƙa sauran su amsa, kuma ita ke gane wadda tafinta ya kauce, ta harare ta ba tare da ta yanke waƙar ba. Ranar da aka raba sakamakon kompozisiyo ta shigo da kayenta a nannaɗe, ta ce: "Kawu, mushe ya ce ban iya waƙa ba." Huɗu bisa goma aka ba ta.

Na tambaye ta yadda aka yi. An kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsaya gaban allo, ya harɗe hannu, ya rera waƙar Faransancin da aka rubuta musu. Ita ta sarƙe a baiti na biyu, kan wata kalma da ba ta san ma'anarta ba, aji ya kwashe da dariya, aka ce ta je ta zauna. Wanda ya samu tara kuwa, in ji ta, "ihu kawai ya yi."

Ban ga laifin malamin ba. Mutum ɗaya ne ke karantar da lissafi da rubutu da tarihi da waƙa, ga aji cike har bakin ƙofa, kuma yadda aka auna shi yana yaro haka yake auna yara. Amma a wannan rana an auna hadda, an auna Faransanci, an auna rashin jin kunyar jama'a. Kunnen yarinyar, wanda shi ne tushen waƙa, babu wanda ya taɓa shi.

Matsalar ta faro ne daga matsayin da muka ba waƙa a aji. Ita ce ake jefawa idan yara sun dawo daga hutun tara suna hayaniya, ko saura minti goma a tashi, ko idan baƙo zai zo. Cike gurbi ce. Abin da ba a karantar da shi da tsari ba, ta yaya za a ba shi maki da adalci? Cibiyar horar da mawaƙa ta Elhaji Taya da ke Yamai tana aiki tun 1989, amma masu son sana'ar take horarwa, kuma tsakaninta da ajin da ke unguwar Zariya ko Bagalam nan Maraɗi akwai fiye da kilomita 600.

Alhali kayan aikin suna bakin yaran. Hausa harshe ne mai karin sauti: kukan jariri da kukar miya haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Shi ya sa kalangu ke magana, shi ya sa yaron da ya saba zuwa filin kokawa yake gane taken ɗan kokawa tun makaɗi bai buɗe baki ba. Waƙarmu kuma a kan doguwar gaɓa da gajera take tafiya. Yaron da ya iya tafa gaɓoɓin sunansa, ya ji inda aka ja da inda aka tsinke, ya riga ya taka matakin da malamin karatu ke fama ya ɗora shi a kai. Ba sai an sayo piyano ba. Tafi, teburin aji da ƙwarya a kife sun isa shekarun farko.

Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya mayar da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Taken ƙasa ma an sauya shi a watan Yunin 2023, aka ajiye na 1961. Idan ana iya sauya waɗannan, ban ga abin da zai hana waƙar gaɗa da ta daɓe da ta gayya shiga aji ba.

To yaya za a ba da makin? Ni a ganina a daina fito da yaro shi kaɗai gaban allo kamar wanda ake yi wa shari'a. Waƙarmu ta bayarwa da amshi ce, a cikin taro ake yin ta, a cikin taro ya kamata a auna ta. Malam ya ware yara takwas ko goma, ya tafa wani salo su maimaita. Ya sa rabi su riƙe tafi rabi su rera, ya ga wa ke gudu, wa ke jan ƙafa, wa ke shiga amshi a kan lokaci. A manyan azuzuwa ya ba su karin da suka sani, kowa ya ɗora baitinsa a kai; nan ake gane wanda ya ji ma'auni da wanda yake cusa kalmomi da ƙarfi. Maimakon huɗu ko tara, a rubuta "ya kama", "ya kusa", ko "da saura", a kuma yi hakan sau da yawa cikin zango. Daɗin murya kada a ba shi maki ko ɗaya, baiwa ce, babu yaron da ya zaɓi maƙogwaronsa. Kuma don Allah kada gyaran ya zama a cika kaye da do, re, mi a haddace, wannan komawa gidan jiya ne.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, kuma ba na raina shi. Akwai mai ganin kiɗa ya saɓa wa addini, akwai mai cewa shi bai kai ɗansa lakwal don ya zama maroƙi ba. Na biyun ya fi zurfi fiye da yadda muke yarda, domin a ƙasar Katsina da Gobir kiɗa gado ne na wasu gidaje, muna son su a biki amma muna nauyin haɗa zuriya da su. Sai dai koyon lissafi bai mayar da kowa ɗan kasuwa ba. Game da na farkon kuwa, malamanmu na da cikin waƙa suka zuba tauhidi da fiƙihu don mata da yara su riƙe, kuma duk wanda ya wuce ta ƙofar Islamiyya da la'asar zai ji yara suna rera haruffa da ƙasidu da kari mai tsari. Ajin da iyaye ba su amince da ganga ba, murya da tafi sun wadatar. A zauna da ƙungiyar iyayen yara a farkon shekara, a karanta musu kalmomin waƙoƙin da za a koyar, su cire wanda bai yi musu ba.

Babban aikin yana makarantar horon malamai, inda ya kamata kowane sabon malami ya fita da waƙoƙin yara na harsunan gida a bakinsa da takardar aunawa mai shafi ɗaya a jakarsa. Kafin nan, darakta na iya gayyato wata dattijuwa daga unguwa ta koyar da waƙoƙi biyu a wata.

Ita dai ɗiyar tamu ta ce ba za ta ƙara ɗaga hannu a lokacin waƙa ba. Daren jiya ina jiyo muryarta daga zaure, tana gyara wa wata ƴar CM2, wato aji shida, tafi.