Da wane ma'auni muke auna nasara?

A shekarar 1974 masanin tattalin arziki Richard Easterlin ya lura da wani abu da har yau ake muhawara a kansa: kuɗin shigar Amurkawa ya yi ta ƙaruwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma masu cewa suna cikin farin ciki ba su ƙaru daidai da haka ba. Bayanin da ya bayar shi ne, ɗan Adam yakan auna samunsa ne da abin da ke hannun maƙwabcinsa. A wancan zamani maƙwabtan mutum ƙididdigaggu ne, yau kuwa wayar hannu ta mayar da duk duniya maƙwabta.

Dubi ma'aikacin da ya dawo gida dare ya raba, yara sun riga sun yi barci, ya kishingiɗa yana duba Instagram, sai ga hoton abokin karatunsa jingine da sabuwar mota. Nan take ƙarin girman da aka yi masa watan jiya ya ƙanƙance a idonsa, ya ƙudurta ƙara sa'o'in aiki. Garin neman ƙiba ake samo rama, domin rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa mutum 745,000 suka mutu a 2016 ta hanyar shanyewar jiki da ciwon zuciya, sakamakon aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako.

Ban ce kuɗi ba su da amfani ba. Wanda bai san inda zai samo kuɗin maganin ɗansa ba, yi masa huɗubar wadatar zuci cin fuska ne, don da wuya hankali ya kwanta ba tare da rufin asiri ba. Abin da nake suka shi ne ci gaba da tseren bayan asiri ya rufu, ana biyan farashinsa da lokaci da lafiya da zumunci, waɗanda ba a ɗaukar hotonsu balle a yaba.

Jami'ar Harvard ta fara bibiyar rayuwar wasu samari tun 1938, aka haɗa da 'ya'yan talakawan birnin Boston, jimilla 724, har suka tsufa. A cikinsu akwai wanda ya zama shugaban ƙasa, wato John F. Kennedy, akwai kuma waɗanda giya ta kassara. Da masu binciken suka koma kan bayanan da suka tara lokacin da mutanen ke da shekara 50, sai suka ga cewa gamsuwar mutum da dangantakarsa da na kusa da shi ta fi awon kitsen jininsa nuna yadda lafiyarsa za ta kasance a shekara 80.